Alƙalin da aka shayar da guba, doka ta rufe bakin mai dafa masa abinci

"Assalamu alaikum Barista. Ni ɗalibar koyon aikin lauya ce, ina aji huɗu. Malaminmu na dokar shaida ya ambaci wani tsohon alƙalin Amurka, George Wythe, ya ce jikan 'yar'uwarsa ne ya zuba masa guba, kuma kotu ta sallami yaron saboda matar da ta ga abin baƙar fata ce. Ya ƙara da cewa wai shi kansa alƙalin yana cikin waɗanda suka tsara dokar da ta hana ta magana a kotu. Don Allah wane ne wannan mutum, kuma da gaske dokarsa ce ta kuɓutar da wanda ya kashe shi?" Daga wata ɗaliba a Zariya.

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tambayarki biyu ce a haɗe: wane ne George Wythe, sannan ko hannunsa na cikin dokar da ta toshe bakin mai shaida a shari'ar kisansa. Malaminku bai faɗi ƙarya ba, sai dai ya taƙaita labarin ƙwarai, kuma abin da ya bari a baya shi ne ya fi amfanar mai koyon dokar shaida. In faɗa miki tun farko, ni a kotunan Najeriya nake aiki, ban taɓa tsayawa gaban alƙalin Amurka ba. Na bi tarihin mutumin nan ne saboda mun sha nono ɗaya da su, wato dokar Ingila, kuma duk lokacin da nake koya wa ƙananan lauyoyi batun wanda ya cancanci ba da shaida, sai na dawo kansa.

Yadda ya zama lauya

An haifi Wythe a 1726 a gonar gidansu da ake kira Chesterville, kusa da garin Hampton na yanzu a Virginia, lokacin tana ƙarƙashin sarautar Ingila. Mahaifinsa ya rasu yana ƙaramin yaro, kuma bisa al'adar gadonsu ta wancan zamani, yayansa Thomas ne ya gaji gonar. Mahaifiyarsa Margaret, wadda ta fito daga zuriyar 'yan ɗariƙar Kwaka, wata ɗariƙar Kirista, ita ta fara ɗora shi a kan Latin da Girkanci a gida. Ki riƙe batun ɗariƙar nan, domin mabiyanta su ne suka fara ƙyamar bauta a fili a Amurka, kuma za mu sake haɗuwa da su.

A lokacin babu makarantar koyon aikin lauya ko ɗaya a ƙasar. Ɗan mai hali yakan tafi Landan, sauran kuwa sai su zauna a ofishin wani lauya suna kwafe takardu da hannu, suna karanta littattafan maigida idan sun sami sarari, kamar yadda almajiri ke zama gaban malamin zaure. Wythe ya zauna wajen mijin 'yar'uwar mahaifiyarsa, Stephen Dewey, aka ba shi izinin aiki a 1746 yana ɗan shekara 20. Ya auri Ann Lewis a ƙarshen 1747, ba su cika shekara ba ta rasu. Sai ya koma Williamsburg, babban birnin Virginia a lokacin, ya kama aikin akawun kwamitoci a majalisar dokoki.

Daga nan siyasa ta buɗe masa. A 1754 rikici ya tashi tsakanin majalisa da gwamna Robert Dinwiddie a kan wani kuɗi da gwamnan ya ɗora wa duk mai son a buga masa hatimi a takardar fili. Majalisa ta tura antoni janar Peyton Randolph zuwa Landan ya kai ƙara, gwamna ya fusata ya ba Wythe kujerar. Da Randolph ya dawo, Wythe ya mayar masa da kujerarsa. A 1755 yayansa ya rasu, gona da bayin da ke cikinta suka dawo hannunsa, kuma a wannan tsakanin ya auri Elizabeth Taliaferro. Gidan bulo da surukinsa ya gina musu yana nan tsaye a Williamsburg har yau, masu yawon buɗe ido na shiga. Ya wakilci mazaɓu daban-daban a majalisa, ya yi magajin garin Williamsburg a 1768, ya kuma riƙe muƙamin magatakardan majalisar har zuwa barkewar yaƙin neman 'yanci.

Ana ba da labarin cewa ba ya karɓar shari'ar da bai gamsu da gaskiyarta ba, kuma idan ya gano a tsakiyar tafiya cewa wanda yake karewa ya yi masa ƙarya, sai ya mayar masa da kuɗinsa ya janye. A wajen iya magana kuwa abokin hamayyarsa Edmund Pendleton ya sha kayar da shi, domin Wythe mai zurfin ilimi ne amma ba shi da saurin juya zance. Wannan hamayya ta bi su har tsufa.

Malamin shugabanni

Abin da ya fi ɗaukaka sunansa ɗalibansa ne. Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya zauna gabansa daga 1762 zuwa 1767, kuma har ƙarshen rayuwarsa yana kiransa ubansa na biyu. Wythe ne ya rubuta takardar koken da majalisar Virginia ta aika wa majalisar Birtaniya a 1764 a kan harajin tambari. An tura shi babban taron wakilan yankuna a Philadelphia a 1775, kuma idan kika dubi takardar ayyana 'yancin Amurka ta 1776, sunansa ne a saman sunayen 'yan Virginia. Ya zama kakakin majalisar wakilan jiha a 1777, daga 1778 kuma ya zama ɗaya daga alƙalai uku na kotun Cansari, wadda ke shari'a da ƙa'idojin ikwiti da kuka karanta, wato ƙa'idojin adalci da ke sassauta tsaurin dokar Ingila. Daga 1789 shi kaɗai ya riƙe kotun.

A 1779 Jefferson yana gwamna ya sa aka kafa kujerar koyar da doka a Kwalejin William da Mary, aka ba Wythe. Shi ne farfesan doka na farko a Amurka, shekara 21 bayan kujerar masanin dokar Ingila William Blackstone a Oxford. Da aka mayar da babban birni Richmond a 1780, tsohon ginin majalisa ya zama kango, sai ya riƙa kai ɗalibansa can suna shari'ar gwaji da zaman majalisa na gwaji, shi yana zaune a kujerar kakaki yana gyara musu ƙa'ida. Shari'ar gwajin da kuke yi a tsangayarku, a Amurka shi ya dasa ta a jami'a. John Marshall, wanda ya zama babban jojin ƙasar, ya halarci darussansa na 'yan makonni a 1780. Henry Clay kuma ya yi masa aikin rubutu a Richmond yana saurayi, lokacin da ciwo ya kama hannun tsohon.

Akwai shari'ar da nake so ki nema ki karanta, ta Caton a 1782. An yanke wa mutum uku hukuncin kisa saboda cin amanar ƙasa, majalisar wakilai ta yi musu afuwa, majalisar dattawa ba ta amince ba. Tambayar ita ce ko kotu na da ikon auna doka da ma'aunin tsarin mulki. Wythe ya ce idan majalisa gaba ɗayanta ta nemi tsallake iyakar da jama'a suka shata mata, zai tare ta daga kujerarsa, ya nuna mata tsarin mulki, ya ce ga iyakar ikonku nan, ba za ku wuce ba. Shekara 21 ke nan kafin ɗalibinsa Marshall ya kafa wannan ƙa'ida a shari'ar Marbury da Madison ta 1803. Ya je taron rubuta tsarin mulkin tarayya a 1787, ya jagoranci kwamitin tsara ƙa'idojin zama, amma ya baro taron da wuri saboda rashin lafiyar matarsa, wadda ta rasu a watan Agustan shekarar. A 1788 shi ya gabatar da ƙudurin da Virginia ta amince da tsarin mulkin, da ƙuri'a 89 a kan 79.

Shi da bauta

Nan ne amsar tambayarki ta biyu take. Dokar hana baƙar fata ba da shaida a kan Bature ta girmi aikin Wythe. Tun farkon ƙarni na 18 Virginia ke da ita, kuma a 1732, yana ɗan shekara shida, aka ƙara ɗaure ta har ta haɗa da 'yantattu. Saboda haka ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Amma a 1776 an kafa kwamitin sake duba dokokin jiha baki ɗaya, aikin ya faɗa hannun mutum uku: Jefferson, Pendleton da Wythe. Suka miƙa ƙudurori 126 a watan Yunin 1779. A cikinsu akwai ƙudurin bayi, wanda ya ce baƙar fata ko barbarar yanyawa ba zai ba da shaida ba sai a shari'ar da ake yi wa ɗan'uwansa baƙi. Majalisa ta mayar da shi doka a 1785. Jefferson ne ya fi yin aikin wannan sashe, amma Wythe ya bi rahoton tare da shi, ya kuma sa hannu. Sun taɓa dokar gado, sun taɓa dokar addini, sun taɓa hukuncin kisa, da suka zo kan wannan sai suka bar ta yadda suka same ta.

Ni a ganina wannan laifi ne, kuma ba na neman masa uzuri. Mutumin da ya san Girkanci da Latin, har ya koyi Ibrananci da tsufansa, ya fi kowa sanin cewa shaida gani ne da ji, launin fata ba ya ƙara ta ba ya rage ta. Uzurin da ake kawowa shi ne majalisar masu bayi ba za ta taɓa yarda ba. Wataƙila haka ne, amma a shigar da buƙata a kayar da ita daban, a ƙi shigar da ita daban.

Adalci kuma ya sa in gaya miki ɗaya ɓangaren. Bayan rasuwar matarsa a 1787 ya fara 'yanta bayinsa, ciki har da Lydia Broadnax, wadda ta ci gaba da dafa masa abinci a kan albashi, ta bi shi Richmond a 1791. A kan kujerar alƙalanci ma ya yi abin da takwarorinsa ba su yi ba. Wani attajiri ɗan Kwaka, John Pleasants, ya bar wasiyya a 1771 cewa a 'yanta bayinsa duk ranar da doka ta halatta. Doka ta halatta a 1782, magada da yawa suka ƙi. Ɗansa Robert ya kai ƙara, John Marshall na cikin lauyoyinsa. Wythe ya yanke cewa a sake su, har ya ce a biya su ladan shekarun da aka riƙe su ba bisa ƙa'ida ba. Kotun ɗaukaka ƙara ƙarƙashin Pendleton ta tabbatar da 'yancin a 1799, ta soke biyan ladan. Mutum sama da 400 abin ya shafa.

Sai shari'ar Hudgins da Wright a ƙarshen rayuwarsa. Wata mata, Jackey Wright, ta nemi 'yancinta da na 'ya'yanta bisa hujjar cewa kakanninta mata 'yan asalin ƙasar ne da Turawa suka tarar. Wythe ya ba ta gaskiya, sannan ya ƙara wata hujja mai girgiza jiha: sashe na farko na dokar haƙƙoƙin Virginia ya ce an halicci mutane duka 'yantattu, don haka duk wanda ya ce wani bawansa ne, nauyin kawo hujja a kansa yake. Kin san abin da juya nauyin hujja ke nufi a aikinmu. Da wannan ta tsaya, da kowane mai bayi sai ya zo kotu da takarda. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da 'yancin matar a ƙarshen 1806, amma ta yi watsi da hujjar tasa, ta ce ba ta shafi 'yan Afirka ba. Alƙalan da suka rubuta haka, St. George Tucker da Spencer Roane, dukansu ɗalibansa ne.

Safiyar 25 ga Mayu, 1806

Gidansa na Richmond mutum huɗu ne a ciki: shi, yana da shekara 80, da Lydia, da wani yaro 'yantacce mai suna Michael Brown da yake koya wa karatu, da jikan 'yar'uwarsa George Wythe Sweeney, saurayi ɗan ƙasa da shekara 20 wanda caca ta cinye. Sweeney ya riga ya saci littattafan tsohon ya sayar, ya kuma yi jabun sa hannunsa a cakin Bankin Virginia. Wasiyyar tsohon ta ba shi kaso mai tsoka, ta ba Michael nasa, da sharaɗin cewa idan Michael ya mutu kafin ya balaga a doka, kasonsa ya koma wa Sweeney.

Ranar Lahadi da safe, bayan an sha kofi, Wythe da Lydia da Michael suka kama amai da murɗar ciki. Likitoci suka fara ɗauka ciwon amai da gudawa ne. Bayan kwana biyu aka kama Sweeney a kan jabun caki, tsohon ya ƙi tsaya masa beli. Aka samu gubar asanik, wadda ake kashe ɓera da ita, a ɗakinsa, aka kuma tsinci wani ƙunshin a bayan katangar kurkukun da aka tsare shi. Michael ya rasu ranar 1 ga Yuni. A ranar Wythe ya gyara wasiyyarsa daga kan gadon jinya, ya cire Sweeney gaba ɗaya. Ya yi ta cewa kashe shi aka yi, ya roƙi a buɗe gawarsa a duba. Ya rasu ranar 8 ga Yuni, aka binne shi a harabar cocin St. John a Richmond. Littattafansa ya bar wa Jefferson, wanda a lokacin shi ne shugaban ƙasa. A shari'ar Musulunci mun san cewa mai kisa ba ya gadon wanda ya kashe, to amma wannan sai an tabbatar da kisan. A nan kotu ba ta tabbatar ba, gyaran wasiyyar ne kaɗai ya hana Sweeney cin dukiyar.

Riwayar da aka rubuta shekaru bayan haka ta ce Lydia ta ga Sweeney ya je wajen tukunyar kofi, sannan ya jefa wata farar takarda a wuta. Ita ce ta rayu a cikin mutum ukun da suka sha. Tana da 'yanci kusan shekara 19, tana da hankalinta, tana garin, amma ba a kira ta ba, domin wanda ake tuhuma Bature ne. Haka sauran baƙaƙen da suka ga wani abu, ciki har da waɗanda suka tsinci ƙunshin gubar.

Me ya sa aka sallame shi?

Dalili uku ne suka haɗu, kuma kuskure ne a ɗora komai a kan ɗaya. Na farko shi ne wanda malaminku ya faɗa. Na biyu likitoci. James McClurg, James McCaw da William Foushee manyan likitocin Richmond ne, sun buɗe gawar, sun ga kumburi a tumbi, amma ba su yi gwajin gano guba ba, suka ce zai iya zama asanik, zai iya zama matsalar ɗaci. Gaskiya ne cewa ingantaccen gwajin James Marsh sai a 1836 ya fito, amma akwai gwaje-gwajen da suka girme shi, tun 1752 likita ya ba da shaidar asanik a shari'ar Mary Blandy a Oxford, aka kuma same ta da laifi. Na uku lauyoyi: Edmund Randolph, antoni janar na farko na Amurka, da William Wirt, wanda shi ma ya riƙe kujerar daga 1817 zuwa 1829. Ki ba irin waɗannan likita mai cewa "zai iya zama", sun gama aikinsu. A watan Satumba masu taya alƙali yanke hukunci suka ce ba a same shi da laifin kisa ba. An same shi da laifin jabun caki, amma wannan ma ya rushe, saboda tsohuwar dokar jabu an rubuta ta ne kafin a kafa bankin, ba ta ambaci irin wannan takarda ba. Ya bar jihar ya nufi Tennessee.

Shin da Lydia ta yi magana da an same shi da laifi? A nan dole mai amsa ya ja birki. Takardun manyan kotunan Virginia da yawa sun ƙone a gobarar Richmond ta Afrilun 1865, abin da ya rage shi ne bayanan binciken farko, wasiƙun da maƙwabcinsa William DuVal ya aika wa Jefferson, da labaran jarida. Hukuncina na lauya shi ne: shari'ar tana da dalilin kisa, tana da gubar, tana da damar aikatawa, abin da ta rasa shi ne mutum ɗaya da zai haɗa hannun Sweeney da tukunyar. Wannan mahaɗin Lydia ce. Da shaidarta ta shiga, da shakkar likitoci ta yi rauni ƙwarai. Amma mutum goma sha biyun masu taya alƙali yanke hukunci da za su saurare ta fararen fata ne na Richmond a 1806, kuma shigar da shaida daban, gaskata ta daban.

Wannan bambanci na gan shi da idona. Sashe na 175 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya ce kowa ya cancanci ba da shaida, sai wanda ƙuruciya ko tsufa ko ciwo ya hana shi fahimtar tambaya ko ba da amsa mai ma'ana. A takarda mun wuce Virginia nesa. Amma na taɓa riƙe wata shari'ar gida inda mutum ɗaya tak ya ji abin da marigayi ya faɗa a daren ƙarshe, ita ce yarinyar da ke yi masa wanki da dahuwa. Ranar da za ta ba da shaida ta zo da hijabin aro, ta tsaya a akwatin shaida tana murza gefensa da yatsu, 'ya'yan gidan suna jere a benci na gaba suna kallonta. Lauyan ɗaya ɓangaren bai tambaye ta abin da ta ji ba sai can ƙarshe. Ya fara da nawa ake biyanta, ajin da ta tsaya a makaranta, da ko ta san ranar haihuwarta. Muryarta ta yi ta raguwa har sai da alƙali ya ce ta ɗaga. Babu dokar da ta hana ta magana, amma saura kaɗan ta yi shiru da kanta. Tun daga ranar, duk mai shaida irin wannan sai na kai ta ɗakin kotu kwana ɗaya kafin zama, ta ga inda za ta tsaya da inda za ta kalla, kuma ina ba ki shawarar ki riƙe wannan idan kin fara aiki.

Dokar da ta rufe bakin Lydia ta ci gaba da aiki a Virginia har bayan yaƙin basasa, lokacin da dokar haƙƙin ɗan ƙasa ta tarayya ta 1866 ta ba kowa damar ba da shaida daidai da farar fata. Shekara 60 ke nan bayan mutuwar Wythe. Ita kuwa Lydia ta ci gaba da zama a Richmond. A watan Afrilun 1807 ta aika wa Jefferson wasiƙa a fadar shugaban ƙasa, ta ce ganinta ya kusa tafiya tun ciwon da ya kama gidan lokacin rasuwar maigidanta, wanda ake zaton guba ce, ta roƙi taimako don ta nemi magani. Jefferson ya sa aka ba ta dala 50.